Kafin Ka Nemi Ƙwan Tsutsar Siliki, Ina Ganyen da Za Ta Ci?

Duk wanda ya ga yadda ake kiwon tsutsar siliki a Indiya ko Sin, ko da a waya ne, abin zai ba shi sha'awa. Ɗaki guda, faya-fayai a jere a kan kanta, babu kuka, babu kora zuwa kiwo, cikin wata ɗaya an kwashe amfani. Ga manomin Dambatta ko Bichi ko Tsanyawa, wanda rabon gado ya tsuke gonarsa har ba ta cika hekta guda ba, kiwon da ba ya cin fili dole ya ja hankalinsa. Shi ya sa tambayar da ake fara yi ita ce: a ina zan samu ƙwan?

Akwai tambayar da ya kamata ta riga wannan, ita ce ta ganye. Ƙwai kwana 10 yake yi ya ƙyanƙyashe. Itacen da tsutsar za ta ci kuwa sai ya yi wata 6 a ƙasa, ana ba shi ruwa, kafin a tsinki ganyensa na farko. Wanda ya karɓi ƙwai alhali ba shi da itace, zai zauna ne yana kallon dubban tsutsotsi suna ɗaga kai suna neman abinci har su mutu. Filin da ake ganin kiwon ba ya ci, yana ci fa, sai dai a wajen shuka yake cinsa.

Tsutsa mai abinci ɗaya

Tsutsar da ke ba da mafi yawan silikin duniya, masana na kiranta Bombyx mori. Mutanen Sin ne suka fara kiwonta shekara kusan 5,000 da suka wuce, kuma ta daɗe a hannun mutum har ta manta zaman daji. Uwar, wadda wani irin farin malam-buɗe-littafi ce, ba ta iya tashi sama. Ita tsutsar kuma ba ta barin faifan da aka ajiye ta don neman abinci. Abin da ka kawo mata shi ne rabonta.

Abincinta ganyen wani itace ne da ake kira malberi, Larabawa na ce masa tut. Ba itacen ƙasarmu ba ne, shi ya sa ba za ka gan shi a gonaki tare da gawo da ɗorawa da kuka ba. Ƙamshin ganyen ne ke jawo ta, kuma farin ruwan da ke cikinsa, wanda ke hana wasu ƙwari da yawa cinsa, ita cikinta ya saba da shi. Ka zuba mata zogale ko darbejiya ko ganyen mangwaro ko harawar wake, ba za ta taɓa ba. Latas tana ɗan ci idan yunwa ta matsa mata, amma ba ta girma da shi yadda ya kamata, da yawa su mutu a hanya, waɗanda suka rage su yi gida marar auki. Ana iya riƙe ta da latas kwana ɗaya idan ganye ya yanke. Kiwo dai ba ya yiwuwa da shi.

A Afirka ta Kudu da ƙasar Sin, yara 'yan makaranta kan ajiye tsutsa goma ko ashirin a kwalin takalmi don sha'awa, su riƙa bin unguwa suna roƙon ganye a gidajen da ke da itacen. Su nasu yana tafiya, domin tsutsa ashirin kimanin rabin kilo take ci duk rayuwarta, kuma itacen yana nan birjik a garuruwansu. Manomi mai neman riba lissafinsa daban.

Mu yi lissafin

Daga ƙyanƙyasa zuwa ranar da za ta fara saƙa gidanta, wato ƙwanson da ake warware zaren daga jikinsa, tsutsar na yin kwana 25 zuwa 28. A tsakani tana saɓa sau huɗu kamar maciji, don haka rayuwarta zango biyar ce. Tana fitowa ƙanana kamar tururuwa, ta ƙare da tsawon ɗan yatsa, nauyinta ya ninka kusan sau 10,000. Kowace ɗaya na cin giram 25 zuwa 30 na ɗanyen ganye. Wato tsutsa 1,000 na bukatar kilo 25 zuwa 30.

Abin da ke yaudarar sabon mai kiwo shi ne yadda cin ke rabuwa. A mako biyu na farko, ganyen da zai cika kwano yana isar tsutsa dubu na kwanaki, sai mutum ya ce ashe abin babu wuya. To, fiye da kashi 80 cikin 100 na duk abincin a zango na biyar ake cinye shi, cikin kwana 6 zuwa 8 na ƙarshe. A wannan makon tsutsa dubu na lashe kilo 3 zuwa 4 kullum, kana jin ƙarar cinsu kamar yayyafi a kan rufin kwano. Akwatin ƙwai guda, ma'aunin da ake sayar da shi a ƙasashen da suka ƙware, yana da ƙwai kimanin 20,000. Abincinsa kilo 500 zuwa 600, kuma a makon ƙarshe sai ka tsinko kusan kilo 70 kowace rana. A wannan makon ne kuma tsutsar ke tara ruwan silikin a cikinta. Yunwar kwana biyu a nan tana ɓata wahalar wata guda.

Yanzu a juya lissafin zuwa itace. Malberin da ake kiwo da shi ba a barinsa ya zama babbar bishiya, ana datse shi ne ya zauna kamar shingen lalle. Gindi ɗaya mai samun ruwa da taki, daga shekara ta biyu, yana ba da kimanin rabin kilo a kowane yanka, ana kuma yanka shi sau biyar a shekara. Kenan tsutsa 1,000 na son gindi 50 zuwa 60. Akwatin ƙwai guda na son gindi sama da 1,000, wato fili kusan kashi ɗaya cikin goma na hekta. Idan ruwan sama kaɗai itacen ke sha, ka raba abin da zai ba ka gida uku, ka ɗauki ɗaya.

Me tsutsa dubun za ta bayar? Ƙwanso kilo ɗaya da rabi zuwa biyu, wanda idan aka warware bai fi kwatan kilo na zare ba. Gara mutum ya ji wannan tun yanzu.

Neman malberi a birni

Tun da babu shi a gonakinmu, a birni ake dacewa da shi: a lambunan tsofaffin gidaje, a harabar makarantu da ma'aikatu, da wajen masu sayar da furanni da dashen itatuwa a bakin titi. Yawanci don 'ya'yansa aka shuka shi ko don inuwa, mai gidan ma bai san wata tsutsa na cinsa ba. Idan za ka tambaya, kwatanta 'ya'yan ya fi faɗin suna. Ƙanana ne, ba su kai gaɓar yatsa ba, kamar an harhaɗa ƙwayoyi a jiki ɗaya. Suna farawa kore, su yi ja, su koma baƙi, kuma suna rina hannu da baki. Ganyen yana da faɗi a gindi da tsini a kai, bakinsa kamar haƙoran zarto. A itace ɗaya za ka ga wani ganyen a dunƙule, wani a tsage kamar yatsu. Ka tsinke shi, farin ruwa zai fito a wurin.

Ce ka same shi a wani gida a Kano, mai gidan kuma ya yi maka izini. Kada ka gina kiwonka a kan zuwa ɗibar ganye. Daga Dambatta ko Kunchi zuwa birni tafiyar awa guda ce ko fiye, ga kuɗin mota zuwa da dawowa. Ganyen da aka tsinka yana fara yaushi nan take, a cikin leda kuma yana ɗaukar zafi ya dahu. Ba abin da za ka ɗebo na mako ka ajiye ba ne. A makon ƙarshe sai ka je kullum. Sannan babbar bishiya guda, idan ka zage ta sau ɗaya, sai bayan wata biyu ta sake cika. Mai gidan da ya ce maka “ɗebi mana, ai ba komai” ranar farko, idan ya ga inuwarsa ta tafi a rana ta huɗu, fuskarsa za ta sauya.

Ganyen birni kuma yana da nasa haɗarin. Gidajen da ke da lambu su ne gidajen da ake yi wa feshin sauro da na gara. Itacen bakin titi yana shan ƙura da hayaƙin mota. Wanda ke bakin kwata ko rafin da ruwan masana'antu ke bi, irin na wajen Bompai da Sharada da Challawa, a bar shi inda yake.

Abin da za ka roƙa a birni reshe ne. Malberi yana kamawa daga yankan reshe kamar rogo, kuma bishiya guda da aka yi wa sassabe tana ba da ɗaruruwan yanka. Tafiya ɗaya ta wadatar. Ka ce, “Alhaji, in za a rage wa itacen nan rassa, don Allah a ajiye mini,” ka zo da almakashin lambu ko wuƙa mai kaifi, ka naɗe rassan a jiƙaƙƙen buhun algarara, ka dasa su cikin kwana biyu. Ƙungiyar da ke son irin da aka tace don kiwo, mai faɗin ganye, sai ta nemi Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Ƙasa, FRIN, da ke Ibadan, wadda ta daɗe tana aiki a kan malberi da tsutsar siliki, tana kuma da tashar bincike a Kano. Wanda kuma zai shigo da ƙwai ko dashe daga wata ƙasa, sai da izinin hukumar NAQS mai kula da shigo da tsirrai da dabbobi.

Dasa shi a ƙasarmu

A zaɓi reshen da ya yi wata 6 zuwa 8, mai kaurin fensir, wanda fatarsa ta bar kore ta fara yin toka-toka. A yanka shi tsawon santimita 15 zuwa 20, kowane yanka da ido uku. A soka shi a ƙasa a ɗan karkace, ido ɗaya kawai a waje, a danne gefensa. A tabbata kan yana sama, don idan aka juya shi ba ya yi. A ƙasar jigawa mai yashi ya fi kyau a fara renonsa a leda ko a kwami a ƙarƙashin inuwa wata uku, sannan a mayar gona idan damina ta zauna, wajen ƙarshen Yuni ko Yuli. Tazara santimita 90 kowane gefe. A zuba ruɓaɓɓen taki a rami. Ɗanyen taki da karan da bai ruɓe ba gara suke kira, ita kuwa gara ba ta raga wa sabon yanka.

Magana ta gaskiya, ruwa ne zai yanke hukunci. A arewacin Kano ruwan sama wata huɗu ne, Yuni zuwa Satumba, sauran watannin rani ne. Malberin da ya kafu ba ya saurin mutuwa, amma idan ƙasa ta bushe sai ya zubar da ganye ya zauna jiran damina, kuma ganyen ne kake nema. Da rani yana son ban-ruwa duk mako, a yashi ma fiye da haka. Don haka masu fadama, da masu noman rani a Watari ta Bagwai, da madatsar Tomas wajen Dambatta, da ta Gari wajen Kunchi, su ne abin ya fi yi wa sauƙi. Layi biyu a gefen kwamin albasa ko tumatir sun isa gwaji, in dai feshin kayan lambun ba zai kai gare su ba. Wanda ba shi da fadama, gindi 50 a bayan gida kusa da rijiya abu ne mai yiwuwa.

Sai shinge. Da an gama kaka aka saki dabbobi, duk wani kore a gari nasu ne, akuya kuwa tana son malberi fiye da yadda tsutsar ke sonsa. Ba ganye kaɗai ba, har ɓawon take ɓarewa. Darnin kara ba ya tare ta. Sai ƙaya mai kauri ko waya.

Wadda ke cin zurma da rogo

Ga wanda ba shi da ruwan rani, akwai wata tsutsar da ta fi dacewa da mu, kuma ba a cika maganarta ba. Sunanta eri, masana na ce mata Samia ricini. Asalinta jihar Assam ce a arewa maso gabashin Indiya, sunan ma daga kalmarsu ta zurma aka samo shi. Abincinta na farko ganyen zurma, wadda wasu ke kira cika-gida, wannan dai da ke fitowa da kanta a juji da kangon gida da bakin kududdufi. Na biyu ganyen rogo. A Habasha, cibiyar binciken noma ta Melkassa ta yaɗa kiwonta ga ƙananan manoma, kuma ana saƙa mayafai da zarenta a Adis Ababa. Ta fi ta malberi jure zafi da cuta.

Kada a ruɗe da ganin zurma a juji a ce abinci ya samu. Cin eri bai gaza na 'yar'uwarta ba, ya ma ɗan fi, kuma ita ma a makon ƙarshe take yin mai gaba ɗaya. Zurmar juji goma ba ta riƙe tsutsa dubu. Shuka ta za a yi: a farkon damina, taku ɗaya tsakanin gindi da gindi, a kan iyakar gona ko bayan gida. Bayan wata uku ana fara tsinka, ana bar wa kowane gindi ganyen samansa. A Indiya sun fi son mai jan kara wadda ba ta da farin gari a jiki. Cibiyar NCRI ta Badeggi a jihar Neja ita ke da alhakin binciken zurma a ƙasar nan, ga mai neman iri. A kula kada a haɗa ta da bini-da-zugu, wanda ake shinge da shi, don ganyensu na ɗan kama da juna ga wanda bai lura ba. Na zurma ya fi faɗi, yatsunsa bakwai ne ko fiye, kuma sandar ganyen daga ƙarƙashinsa take kama shi kamar lema. A kuma sani 'ya'yan zurma guba ne mai kisa ga yaro da dabba, ganyen ma ba abincin awaki ba ne.

Rogo shi ne madogara idan zurma ta yi ƙasa. A fara ƙananan da zurma, manyan a ƙarasa su da rogo, kuma a yi sauyin daidai lokacin da suka tashi daga saɓa. Kada a cire wa rogo fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyensa, in ba haka ba saiwar ce za ta biya.

Eri na da wani hali da ya kamata a sani. Ƙwanta ba ya ajiyuwa. Uwa ta saka, kwana 8 zuwa 10 ya fashe, ko kana da ganye ko ba ka da shi, haka take juyawa sau biyar ko shida a shekara. Idan ana son irin kada ya ɓace, dole wani a cikin ƙungiya ya riƙe 'yan gindin zurma da ban-ruwa duk rani, yana juya tsutsa ɗari ko ɗari biyu har damina ta dawo.

Ƙwanson eri a buɗe yake ta gefe ɗaya, zarensa kuma guntu-guntu ne, don haka ba a warware shi da inji. Dafa shi ake yi, a wanke, a kaɗa kamar auduga. Wannan aiki kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar Kano. Baturen Jamus Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya tarar ana shigo da alharini ta hamada daga Tarabulus, amma ban da shi muna da namu na gida, wato zaren tsamiya. Tsutsar daji ce, jinsin Anaphe, mai cin ganyen itatuwa irin su tsamiya da doka. Idan sun ƙoshi sai ɗaruruwansu su taru su saƙa gida ɗaya. Fatake na kawo gidajen daga dazuka, mata su dafa da ruwan toka, su wanke, su shanya, su kaɗa a mazari, masu ɗinki su yi aikin babbar riga da shi, irin su aska takwas. Yarbawa na kiransa sanyan. Ita wannan tsutsar ba ta zama a faifai, gashinta na sa ƙaiƙayi, doka kuma itacen dazukan kudu ne, don haka ba kiwonta ake ba da shawara ba. Amma tsohuwar da ta iya kaɗi a Minjibir ko Gezawa, hannunta ya riga ya san abin da zai yi da ƙwanson eri. Tsutsa dubu ba ta cika rabin kilo na ɓawon da za a kaɗa ba, wannan ma a sa shi a lissafi.

Maganin ƙwari

Ko malberi ko zurma, abin da ya fi kashe tsutsa a ƙauyukanmu feshi ne. Tsutsar siliki 'yar'uwar tsutsar wake ce da ta masara, kuma maganin da aka haɗa don su ita ya fi saurin kamawa, don ba ta taɓa saba da shi ba. Gonakinmu a manne suke, kunya ɗaya ce tsakaninka da maƙwabci. Lokacin da ya fi kyau da kiwon kuma shi ne lokacin feshin wake, ga feshin masara da ya ƙaru tun da tsutsar nan mai cin zuciyar masara ta shigo a 2016. Iska kaɗan ta isa ta kawo raɓar maganin kan ganyenka, ba za ka gani ba, ba za ka ji wari ba.

Don haka wurin shuka ya yi nesa da wake gwargwadon hali, a kuma yi magana da maƙwabta su faɗa kafin su yi feshi, a tsinki na yini a ajiye. Wankewa ba ta fitar da maganin da ke shiga jikin tsiro. Saboda wannan dalili, irin zurmar da za a shuka don tsutsa kada a gauraya shi da maganin iri kamar Apron Star. Duk ganyen da aka yi shakkarsa, ko aka samo a sabon wuri, a ware tsutsa goma a ba su, a jira rabin yini. Idan suka fara kaɗa kai, suna murɗewa, suna aman koren ruwa, a zubar da ganyen.

A cikin gida ma haka. Ɗakin tsutsa ba a kunna maganin sauro, ba a fesa fiya-fiya, ba a shan taba, ba a ajiye buhun waken da aka sa wa magani. Wanda ya dawo daga feshi ya yi wanka ya sauya kaya kafin ya shiga. Kuma kada a rufe faifan da gidan sauron da ake rabawa a asibiti don tare ƙuda. Magani ne a jikin zarensa. A nemi farin yadi marar komai. Tururuwa da cinnaka kuwa, a sa ƙafafun kantar a cikin gwangwanin ruwa. Tsaka, ƙadangare, ɓera da kaji duk suna cinta, sai a toshe kafofi.

Lokaci, da riƙon ganye

Tsutsar malberi na son zafi digiri 24 zuwa 28 da iska mai laima. Ya wuce 30, cuta ta fara shiga. Ka ga bazara ta fita, don a Afrilu Kano na kusan 40. Hunturu ma ba ya yi, iska a bushe take ƙayau, ganye na bushewa a faifai kafin a ci rabinsa, ga ƙura, ga sanyin dare da ke tsayar da girma. Abin da ya rage mana shi ne daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Oktoba, kiwo biyu kenan idan an shirya. Eri na iya ɗan zarce haka. Ɗakin ƙasa mai rufin azara ko ciyawa ya fi na kwano nesa ba kusa ba. Idan rana ta yi zafi a rataya jiƙaƙƙen buhu a taga.

A tsinki ganye da sassafe bayan raɓa ta sauka, ko da yamma liƙis. A baza shi a wuri mai sanyi a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, kada a tara shi tsibi. Ganye mai ruwa a jiki ba a ba tsutsa, yana kawo zawo da ruɓewa, don haka ranar da aka yi ruwa a shanya shi a inuwa ya tsane. Ƙanana a ba su ganye mai taushi na kusa da kan reshe, a yayyanka ƙanana kamar na miya. Manya a ba su ƙosasshe, har da reshensa. Sau uku ko huɗu a yini. Idan ka ga sun daina ci, sun ɗaga kai sun tsaya cik, saɓa za su yi. A dakatar da abinci kamar yini guda, kada a taɓa su, sai mafi yawansu sun tashi.

A Indiya akwai cibiyoyin da ke renon ƙananan har saɓa ta biyu, sannan su raba wa manoma, domin a nan ne aka fi asara. Ƙungiya na iya yin haka: mutum ɗaya mai natsuwa, ko mace ɗaya a cikin gida, ta riƙe na kowa kwana 8 zuwa 10, sannan a raba gwargwadon gindin da kowa ke da shi, ba gwargwadon kuɗin da ya zuba ba.

Wa zai saya?

Ƙwanso ba wake ba ne da za ka ɗora a mota ka kai Dawanau a auna a biya ka. Na malberi sai an kashe abin da ke ciki da zafi cikin mako guda bayan ta gama saƙa, in ba haka ba uwar ta huda ta fito ta tsinka zaren, kuma sai da injin warwara. A san mai saye ko mai injin tun kafin a karɓi ƙwai. Na eri yana ajiyuwa bayan an fitar da abin ciki, amma kuɗinsa a zare yake, don haka a fara kaɗa kaɗan a kai wa masu ɗinkin hannu da masaƙa su gani su faɗi abin da za su biya. A tuna kuma malamai sun yi bayanin hukuncin sanya tufafin siliki ga maza, saboda haka kasuwar ta fi karkata ga kayan mata da zaren ado.

Shekarar farko tsutsa 500 zuwa 1,000 ta isa. Idan ƙwan bai samu ba, ko mai saye ya janye, malberin bai zama asara ba. Sinadarin gina jiki da ke cikin ganyensa na kai kashi 15 zuwa 25 cikin 100 na busasshen nauyinsa, wato yana gogayya da harawar gyaɗa, kuma tumaki da awaki da zomaye na cinsa ɗanye ko busasshe. Mai turkar rago ya yanko rassa ya rataya masa, ko ya shanya ganyen a inuwa ya haɗa da dusa. Ragowar ganyen faifai da kashin tsutsar a zuba su a ramin taki su ruɓe sosai, nesa da ɗakin kiwo, kafin a mayar da su gindin itacen.